Rifkatu da Baƙon Tashar Gumel

Duk wanda ya bi ta tashar motar Gumel a shekarun fari ya san Rifkatu, ko da bai san sunanta ba. Gajeruwa ce mai faɗan tsiya, tana zuba wa mutum kunu tana yi masa masifa wai bai riƙe ƙwarya da kyau ba. Mijinta Cindo kafinta ne. Iyayenta Maguzawa ne da suka karɓi addinin Kirista, a ciki ta tashi. Cocinsu ɗan ɗakin ƙasa ne a bayan gari, ko ranar Kirsimeti ba su kai mutum talatin ba.

A 1973 ruwa ya ƙi zuwa, shanu suka yi ta faɗuwa, mutane suka dinga gangarowa daga Damagaram ta Maigatari. Matan zumunta na cocin, su bakwai, suka raba kwanaki: kowacce ta dama kunun tsamiya ranarta, ta kai wa baƙi tasha. Babu wa'azi, babu tambayar addini. Ranar Rifkatu Talata ce.

Wata Talata ta tarar da wata Bafulatana a gindin bishiyar maina, cikinta ya tsufa, ko ƙwaryar ba ta iya ɗagawa. Rifkatu ta kama ta zuwa gida, matar tana ɗingisa ƙafar hagu. Washegari ta haifi mace, jini kuwa ya ƙi tsayawa. Rifkatu ta durƙusa kusa da ita ta ce, “Baiwar Allah, yaya sunan maigidanki? Don mu neme shi.”

Matar ta kawar da kai. Ko a bakin mutuwa kunya ba ta bar ta ta ambaci sunan miji ba. Ta ce, “Ya yi kudu da sauran shanun. Zai zo.” Kafin la'asar ta cika.

Cindo ya kira malamin unguwa, Musulmi suka yi mata sutura. Ran suna, malamin ne ya raɗa wa jaririyar A'i, don Rifkatu ta ce amana ce, ba za ta sauya wa 'yar mutane hanya ba. Da nonon akuya ta rene ta. Ita kuwa Rifkatu, uku ta haifa, uku ta binne, babu wanda ya kai yaye. Shekarar farko kowane makiyayi ta gani sai ta yi masa cigiyar uban A'i. Da A'i ta fara tafiya, ta fara kiranta Iya, sai cigiyar ta yi ta ja da baya, har ta daina.

A 1976, bayan kaka, wani dogon Bafulatani ya tsuguna gaban tukunyar Rifkatu a tasha. Sanda yake riƙe da ita, amma babu alamar ya bar garke a wani wuri. Ya shanye kunun, ya ce, “Inna, ke da kike zaune a kan hanya. Shekara uku nake neman iyalina. Da ciki na bar ta. Tana ɗingisa ƙafar hagu, saniya ce ta taɓa taka ta.”

A'i tana bayan tukunyar tana wasa da ludayi. Rifkatu ta gyara zama yadda za ta kare yarinyar, ta ƙara masa kunu har ya zubo, ta ce, “Allah Ya sa a dace, bawan Allah.” Ya yi godiya, ya sa mata albarka, ya nufi wajen motoci. Da gangan ta ƙi kallon wadda ya hau.

Ran Lahadi ita ce mai bayar da waƙa, amma ta buɗe baki murya ta ƙi fita. Da aka tashi, tun a hanya ta faɗa wa Cindo. Cindo ya ce, “Kin tambayi sunansa?”

Ba ta tambaya ba.

Ran Alhamis suka hau mota zuwa kasuwar Maigatari, suka shiga kara, wajen da ake cinikin shanu. To, wa za a ce ana nema? Dogon Bafulatani mai sanda? Dillalai suka yi dariya, suka nuna musu hamsin. Cindo ya je Sule Tankarkar a keke, ya je Gagarawa Tasha ya tambayi ma'aikatan jirgin ƙasa. Babu wanda ya ce ya gan shi. Mai wa'azinsu ya ce Allah Yana gafarta wa wanda ya tuba. Rifkatu ta ce ta sani, amma mutumin har yanzu yana yawo bai san ko kabarin matarsa ba.

Fari ya wuce, matan zumunta suka daina kai kunu. Ita ba ta daina ba. Faɗan nan ma ya bar ta, har 'yan kamasho suka riƙa tsokanarta ko za ta tanka. Duk Alhamis ta yi wa A'i kitso, ta sa mata kayanta masu kyau, su tafi Maigatari su tsaya a bakin kara, a inda duk mai shiga zai ga fuskar yarinyar. Kowane mako tana addu'a ya zo, kuma tana tsoron ya zo.

A 1979 A'i tana shekara shida. Suna tsaye a rana, ta ja zanen Rifkatu ta ce, “Iya, wai wa muke jira kullum?”

Rifkatu ta tsuguna. Ta so ta ce babu kowa, amma ta riga ta yi irin wannan sau ɗaya.

“Babanki. Ya zo nemanki, kina bayana. Na ba shi kunu, na bar shi ya tafi.”

Yarinyar ta saki zanen. Ta juya tana duban mazan da ke shigowa, ɗaya bayan ɗaya, ta ce, “Wanne ne?”