Hannun Rigar Ummuhani

Ummuhani Aƙilu ba ta da sauƙin kai, ni da muke 'yan wa da ƙane zan fi kowa faɗa. Mahaifinta, Malam Aƙilu, gyaran batirin mota ya yi shekara talatin a Garwa, kuma a ƙofar rumfarsa ta girma. Tun tana ƙarama ta san abin da asid ke yi wa auduga. Ɗigo ɗaya zai taɓa rigar Baba Aƙilu da safe, ba a ga komai ba, sai rana ta busar da shi, bayan kwana biyu a sa yatsa ya wuce kamar cikin tuwo. Shi ya sa duk rigunansa na aiki yadin roba ne, ko da zafin Garwa zai dafa shi.

Da ta gama karatun haɗa magunguna sai ta sami aiki a wani ƙaramin asibitin kuɗi a bayan kasuwa. Aikinta shi ne narkar da maganin gari, ta zuƙe shi a sirinji, ta zuba a robar ƙarin ruwa, a kai wa mara lafiya. Ana narkar da shi ne da ruwan allura, wanda ke zuwa a 'yan kwalabe a liƙe. Shekara tara tana yi, ba wanda ya taɓa kumbura a hannunta, kuma ba ta gajiya da tuna mana wannan.

Sai aka kawo Misye Hubert, mutumin Kayele, a matsayin mai kula da sayayya. Ba mugu ba ne, sai dai ciwon tsada ne da shi. Ya duba abin da 'yan kwalaben nan ke ci a wata, ransa ya ɓaci. Wata Litinin ya shigo ɗakinta da bido, wato jarka, mai lita ashirin, ya ce tataccen ruwa ne daga wurin masu batir, kuɗinsa bai kai na kwalabe goma ba. Ya ce ruwa ruwa ne, ta fara aiki da shi daga yau.

Ta gaya masa ba a kashe ƙwayoyin cutar da ke cikinsa ba, bai ji ba. Ta gaya masa abin da duk mai batir ya sani, cewa bidon da ake auna tataccen ruwa a ciki shi ne wanda asid ya ƙare a cikinsa jiya, ɗauraya ɗaya ake yi masa. Ya yi dariya, ya ce ita 'yar mai batir ce ko ma'aikaciyar asibiti? Marasa lafiya shida na jiran ƙarin ruwa a ranar. Ya ce ta haɗa ko ta ajiye makulli.

"Misye Hubert," in ji ta, "wannan ruwan ba zai shiga jijiyar mutum ta hannuna ba."

Ta haɗa na mutum shidan da ragowar kwalaben da ke kabad. Sannan ta cire farar rigar aikinta, zallar auduga, ta tsoma hannun rigar na dama cikin bidon, ta fita tsakar asibitin ta shanya a igiyar masu jinya, inda kowa zai gani. Ta ajiye makulli a teburinsa ta tafi gida. Da ta ba ni labari na yi mata faɗa, don 'ya'ya uku take riƙe da su ita kaɗai, na kuma ji tsoro sosai. Ta ce in ci tuwona.

Likitar asibitin, Dakta Béatrice, ta dawo daga Marwa ranar Laraba. Ta ga riga a igiya, ta tambaya, aka ba ta labari. Ta kama hannun rigar ta ja kaɗan, ya ruɓushe a yatsunta. An ce ta daɗe tsaye tana kallon tafinta. Kafin azahar aka fitar da bidon, aka aika a sayo kwalabe.

Kuna tsammanin an kira Ummuhani? Ba a kira ta ba. Wai ta tozarta asibiti a gaban masu jinya. Wannan har yau yana ƙona min rai. Ita kuwa ba ta je roƙo ba, ta aika aka karɓo mata rigarta kawai.

Yanzu ita ke riƙe da rumfar Baba, tunda idonsa ya yi rauni. Bidonta biyu, ɗaya ja na asid ɗaya fari na ruwa, ba ta taɓa haɗa su. Rigar tana rataye a ƙusa a bayanta, hannu ɗaya babu. Watan jiya ina zaune wani mutum ya tsaya da babur, bido a ɗaure a baya, ya ce lita ashirin yake so na tatacce. Ta dubi takalmansa farare irin na ma'aikatan asibiti, ta tambaye shi wace mota ce ke shan lita ashirin. Ya fara kame-kame, ya ce maigidansa ne ke da ɗan wurin duba marasa lafiya a hanyar Pitowa. Ya ƙara kuɗi, ta ƙi kallo.

"Malam, ɗauki bidonka," ta ce. "Ruwana na mota ne."