Ranar da Baba Saje Ya Juya Baya

Na manta abubuwa da yawa na ƙuruciyata, har sunayen wasu da na koyar, amma abin da aka yi wa Baba Saje a filin makarantarmu yana nan a raina kamar jiya. Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina malamin firamare a Maƙarfi.

Baba Saje tsohon soja ne, a ƙungiyar badujala ya yi aikinsa. Ya dawo gida da garmaho da faifai guda da wani hafsa ya ba shi. Kiɗan wani Bature ne da ya mutu tun kafin a haife ni, mai tsara kiɗa kuma mai tsayawa gaban makaɗa da 'yar sanda yana bi da su. Hafsan ya gaya masa wai mutumin ya binne 'yarsa ƙarama, shi ya sa kiɗansa yake da nauyi. Ni da farko barci yake sa ni. Baba kuwa sai ya rufe ido, hannunsa na lilo a sama. Shi ma baƙon dauro ya ɗauke masa autarsa, kuma a lokacin bai taɓa yin maganarta ba.

Bayan girbi ya tara mu: ni da begila, wani tela da ganga, tsofaffin sojoji, da wani Bafulatani daga Dandamisa mai sarewa. Ya ce ya haɗa wa yarinyar kiɗa, yana so jama'a su ji shi sau ɗaya kafin ya bi ta. Ba a rubuce yake ba, yana cikin kansa da hannunsa. In ya sauke sanda mu yi ƙasa, in ya nuna ka ka shigo. Mun sha faɗa kuwa. "Malam, wannan busa ce ko kiran awaki?" Haka yake ce mini.

Dama ta samu ranar buɗe sababbin azuzuwa, da wani ɗan siyasa ya zo daga birni da 'yan rakiyarsa. Baba ya fito da kakinsa a goge, ya durƙusa ya gaida manya yadda ya kamata, sannan ya juyo ya fuskance mu, bayansa na kallon rumfar baƙi. Sarewa ta fara a hankali. Wallahi har mata masu tallan gyaɗa sun yi tsit.

Ina shirin shigowa sai wani ƙato daga 'yan rakiyar ya daka tsawa: "Kai tsoho! Wa ka ba wa ƙeya? Ba ka ga Ranka ya daɗe a zaune ba?"

Kafin mu ankara ya cafki kafaɗar Baba ya juya shi da ƙarfi, ya fizge sandar ya karya a gwiwa. Mutumin da ya isa ya haife shi! Baba ya ce, "Ɗana, makaɗan nake kallo, haka aikin yake." Ba wanda ya saurare shi. Ɗan siyasar ya yi murmushi ya ce a yi musu kiɗa mai zafi wanda za a taka. Aka bar Baba tsaye yana fuskantar rumfa, hannu wayam, mu kuma muna kallon bayansa. Muka yi ƙoƙarin ci gaba, kowa ya kama gabansa, jama'a suka fashe da dariya. Sai Baba ya sunkuya ya tsince guntayen sandarsa ya fita daga filin.

Ƙaton nan jahilci ne ya ɗebe shi, na daɗe da yafe masa. Wanda ya ƙona mini rai shi ne maigidansa. Wajen cin abinci ya kira ni yana sakace, ya ce, "Malam, ai tsohon nan ya iya. Haka na ga suna yi a Ingila, mai riƙe da sandar, baya yake ba kowa, ko sarauniya ce."

Na ce, "Ranka ya daɗe, to me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Haba, in kunyata yarona a gaban mutane saboda kiɗa?"

Na ajiye kwanon na tashi, don in na ƙara minti guda zan rasa aikina.

Mun roƙi Baba ya sake tara mu, ya ce a bari sai bayan damina. Bai kai ba. Kiɗan ya tafi da shi, don ba wanda ya riƙe shi duka a cikinmu. Abin da na koya shi ne, wanda bai sani ba yana iya yin ɓarna, amma wanda ya sani ya yi shiru don kare fuskar nasa shi ne azzalumin. Har yau nakan tsinci kaina ina rera farkon kiɗan, kuma kullum a wuri ɗaya nake tsayawa, daidai inda aka kama kafaɗarsa.