Abin Da Rakiya Ta Bari

Duk wanda ya daɗe a Tudun Wada ya san shagon buga takardu na Malam Kailani. Shekara talatin yana wannan sana'a, tun zamanin tafireta har aka zo kan kwamfuta, kuma abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne takardar ta'aziyya. Ƙwarewar dai ba wata ba ce: takarda ɗaya gare shi a ajiye, sai ya cire sunan mamacin jiya ya sa na yau. Kowace mace "mai haƙuri ce", kowane namiji "mai zumunci". Ba wanda ya taɓa yin ƙorafi.

Sai matarsa Rakiya ta rasu. Ana gobe sadakar bakwai ya zauna, hankalinsa ba a jikinsa ba, ya buɗe takardar ya sa sunanta ya buga. Sai da aka rarraba, aka watse, ya karanta layin ƙarshe: "Ta rasu ta bar 'ya'ya shida." Layin wata baiwar Allah ne daga unguwar Kwangila, ya manta bai goge ba. Rakiya kuwa ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Kowa ya gani, kowa ya kawar da kai.

Tun daga ranar 'ya'yan nan shida suka hana shi sakat. In ya dawo gida da la'asar sai ya ga kamar takalmansu a jere a ƙofar ɗakinta. Fuskarta kuma ta fara ɓace masa. In ya neme ta a zuci, sai matar takardar ta fito, mai haƙurin nan da bai sani ba. Tsoro ya kama shi sosai. Ya ƙudura sai ya rubuta ta gaskiya kafin arba'in, amma hannun da ya buga na mutum dubu ya kasa layi ɗaya.

Ana cikin haka Malama Juwairiyya, wata malamar Hausa, ta kawo masa rubuce-rubucen ɗalibanta kan rashi don ya buga. A da ba ya karanta abin da yake bugawa, yatsu ne kawai ke aiki. Wannan karon ya bi su layi-layi da jan biro. Yawancinsu irin nasa ne. Amma wata ta rubuta cewa har yanzu gidansu ba a ɗauke butar babanta daga gindin famfo ba. Ya karanta wannan layin ya fi sau goma.

Da malamar ta zo karɓa ya ce, "Malama, me ya sa wannan ta fi sauran? Ko yabonsa ba ta yi ba."

Ta ce, "Baba, ai ita kaɗai ce ta dube shi."

Ran nan ya buɗe akwatin Rakiya. A can ƙasa ya tarar da rigunan jarirai, ɗinkin hannunta, a ninke, sun sha turare. Bai taɓa sanin da su ba.

Da safiyar arba'in ya buɗe sabon shafi. Ya rubuta cewa Rakiya ba ta da haƙuri ko kaɗan, tana masa faɗa kan hular da ya jefar a kan gado, kuma miyarta kullum gishiri ya yi yawa. Ya rubuta zancen rigunan. Da ya iso layin ƙarshe sai ya buga: "Ta rasu ba ta bar ɗa ko ɗaya ba. Ni ta bari."