Wanda Ya Taɓa Asusun Sa'adiyya Daga Benin

Duk wanda ya san bakin ruwan Lolo, can inda ƙasar Bagudo ta jingina da Benin, ya san Sa'adiyya mai bandar kifi. 'Yar masunta ce gaba da baya. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kebbi mahaifiyarsu ta rasu, ta bar mata ƙane, Mudassiru, ko makaranta bai isa shiga ba. Ta ajiye karatun sakandare, ta raine shi, ta shiga hayaƙin banda, har yau ba ta fito ba. Mace ce mai riƙon amana, sai dai zuciyarta a kusa take. Bakinta kan riga tunaninta isa wuri, kuma ba a haifi wanda zai gaya mata wannan aibi ne ba.

Mudassiru ya girma ya zama magidanci, da jirgin ruwansa mai inji, yana jigilar kaya zuwa kasuwar Malanbil ta Benin. Lokacin da takardun kuɗi suka yi wuya, masu sayen kifinta daga kudu suka koma biya ta waya, ita ma ta buɗe asusu a wani kamfanin biyan kuɗi. Cinikinta yana ciki, da na matan unguwa masu haɗa kifinsu da nata. Lambar sirrin kuwa ita da ƙanenta kaɗai suka san ta, don shi yake yi mata sayayya.

Wata Laraba da hantsi, tana juya kifi a kan ragar banda, imel ya shigo. Ga tambarin kamfanin, ga launinsa, komai tsaf. Turancinta na sakandare ya ishe ta gane abin da aka ce: wani ya yi ƙoƙarin shiga asusunta daga ƙasar Benin, ta latsa nan ta saka lambar sirri kafin gobe, in ba haka ba a rufe.

Mutumin Kano zai ga Benin ya ce ina ni ina Benin. Ita kuwa daga ƙofar gidanta ana hango itatuwan can, kuma jiya jiyan nan ƙanenta ya dawo daga Malanbil. Ta latsa wurin. Shafin ya yi ta juyi bai buɗe ba, domin wayar ta kama layin Benin, kamar yadda takan yi a bakin ruwa. Ta bar kifin a wuta, ta yafa mayafi. Tsoro ne ya fito da ita, amma kafin ta kai gaɓa ya zama fushi.

Ta same shi yana sauke buhuna, masu dako da dillalai kewaye da shi.

"Mudassiru, jiya ina kat tahi?"

"Malanbil mana, Yaya. Ba ke kinka aike ni gishiri ba?"

"To wa at taɓa mani asusu daga can? Ni da kai munka san lambar."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa take yi. Dariyar nan ce ta ƙarasa tunzura ta.

"Kana iya dahwa Alƙur'ani?"

Masu dako suka tsaya cak da kaya a ka. A wajen mutanen nan, dafa Alƙur'ani na gaban alƙali ne, tsakanin bare da bare. Ba a neman shi daga wanda aka sha nono ɗaya da shi. Baffa Sambo, ƙanen mahaifinsu, ya taso daga inda yake gyaran komarsa ta kamun kifi, ya ce, "Sa'adiyya, janye magananga." Ta kau da kai.

Mudassiru ya dube ta, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya tsuguna ya yi alwala da ruwan kogi, ya shiga masallacin bakin gaɓa, ya fito da Alƙur'ani a hannu, ya rantse a gaban kowa cewa bai taɓa mata komai ba. Muryarsa ko rawa ba ta yi.

Sa'adiyya ta hau tudu, wurin Na'Allah mai cirar kuɗi, inda layin Najeriya ke da ƙarfi, don ta saka lambar kafin a rufe asusun. Na'Allah ya karɓi wayar, ya karanta, fuskarsa ta canza.

"Hajiya, kin saka?"

"Bai buɗe ba."

"Allah ya tsare ki. Wanga saƙo ba na kamfani ba ne, na ɓarayi ne. Duba, ko sunanki ba su kira ba. Kamfani bai tambayar lambar sirri, kuma bai tura ki wani shafi cikin gaggawa. Atika ta Kaoje irin shi anka aiko mata, da Benin ɗin da komi. Ta saka, sunka share ta tas."

"Amma an ce wani ya shiga daga can."

"Babu wanda ya shiga. Kowa haka suka rubuta mai. Mu dai da muke bakin iyaka, ƙaryar ta zo muna daidai."

Ya sa ta buɗe manhajar kamfanin da hannunta. Kuɗin matan unguwa na nan, nata na nan, babu wani gargaɗi. Amma ba ta ji sanyi ba. Kunya ce ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba.

Ta koma gaɓa da la'asar. Mutane sun ragu, Mudassiru yana kwarfe ruwa daga jirgi. Ta faɗa masa duk abin da Na'Allah ya ce, ta roƙe shi gafara, ita da ba ta saba ba.

"Na yahe, Yaya," ya ce. "Amma canza lambar. Yanzu, ina nan."

"Haba, Mudassiru. Ai na san ba kai ba ne."

"Ɗazu ma ba ni ba ne."

Ya juya mata baya, ya fuskanci kogi, yadda baƙo mai ladabi yake yi idan ana cirar kuɗi kusa da shi. Ta tsaya da waya a hannu tana jiran ya waiwayo. Bai waiwayo ba. Da ta ga babu makawa, ta sunkuyar da kai ta fara latsawa, hawaye na hana ta ganin lambobin.