Kwalin da Alhaji Sale Ya Buɗe

Na je Guangzhou ta ƙasar Sin neman takardar hoto. Na same ta, na dawo hannu rabbana.

Sana'ata wankin hoto. Tun ina saurayi nake ɗaukar ma'aikatan wata masaƙa a Kano hoton katin aiki, in shiga ɗakin duhu in wanke. Ruwan maganin ya baƙanta mini farce, ya bar mini tari. Masaƙa ta mutu, yawancin mutanen sun bi ta, fim ɗinsu yana wurina. Takarda irin ta da ta ƙare a Kano, ni kuwa na yi wa Hajara, matar marigayi Isa mai rini a masaƙar, alkawarin fuskar mijinta.

Na bar gida kafin asuba, na yi salla a filin jirgi. Muka sauya jirgi a Addis Ababa. Burodi kawai na iya ci.

A unguwar Sanyuanli Alhaji Sale ya sauke ni, ɗan unguwarmu ne mai fataucin takalma. Washegari muka bi shaguna, ko'ina sai "meyo", wato babu.

Ya ce, "Malam Habu, kowa sabo yake zuwa saye, kai ka zo tonon kabari."

A wani lungu muka sami wani tsoho. Na kalli farcensa, ya kalli nawa, baƙaƙe iri ɗaya. Alhaji ya ce ashe su ma a yarensu "wanke" hoto suke cewa. Tsohon ya fito da kwali guda, na ƙarshe, a liƙe. Ya ja ni ciki in ga tsohon injinsa.

Alhaji ba ya karɓar kaya sai ya buɗe. Muna fitowa muka gan shi a bakin ƙofa cikin rana, ya baza takardun.

"Farare tas, Malam! Ba a cuce mu ba."

Tsohon ya dafe kai. Takardar nan idan ta ga haske ta mutu. Ban faɗa wa Alhaji ba sai a mota. Na gode masa da masauki, don ya yi ƙoƙari.

Da na dawo, Hajara ta zo. Na ɗaga mata fim ɗin a taga. A fim baƙi fari yake fitowa. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ashe zai yi furfura."

Na bar mata shi. Yanzu ina shago, ɗakin duhu a kulle.