Benen da Na Hana Ruwa

Ba zan faɗi sunana ba, domin ina da 'ya'ya a makaranta, kuma abin da ubansu ya jawo musu ya isa haka. Ni dai mutumin ƙasar Goronyo ne, daga wani ƙauye a bakin fadama, inda wasu ke kamun kifi, wasu ke noman albasa. Mu gidanmu magina ne. Mahaifina shi ke yi wa mutane soro da rumbu da katanga, tun daga wajenmu har Rimawa da Giyawa, kuma akan aiko masa daga Wurno idan wani mai hali yana son zaure. Tun ban iya wanke hannuna da kyau ba nake cuɗa laka da ƙafa, ina jera tubali a rana.

Abu biyu na gani a wajen Baba. Na farko, ruwa abokin gabar gini ne. Bango sai ya bushe yake zama bango. Baba yakan ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, in ya ji ya yi ƙarau, to aiki ya yi. Na biyu kuwa, duk ranar da aka gama rufi, kafin mai gida ya sa ƙafa, Baba zai shimfiɗa buzunsa a tsakiyar ɗakin, ya ce a kawo masa furarsa can. Ya sha, ya ɗan kishingiɗa, sannan ya fito ya ce a shiga. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce, "In ruhin ga na da niyyar hwaɗuwa, ni ya kamata shi iske." Da na tashi barin gida, na farkon na tafi da shi, na biyun na bar wa Baba abinsa.

Cin rani ya kai ni Abuja. Ranar da na fara ganin benayen nan da ake ginawa, sai da hulata ta faɗi ƙasa saboda ɗaga kai. Wasu an gama an lulluɓe su da gilashi, wasu ƙashi ne kawai na kankare da rodi, injin ɗaga kaya yana juyi a samansu. Duk inda ka waiwaya ana haƙa, ana zubawa, ana ɗorawa. Na samu aikin lebura a wani kamfani da ke gina gidajen haya masu hawa da yawa. Kwanon sarki na fara ɗauka. Da yake hannuna ya san gini, ba a daɗe ba na zama birkila.

Satata ta farko ko sunan sata ban ba ta ba. Guntayen rodi ne da ake yankewa a yar, nake tsincewa ina kai wa 'yan gwangwan. Na ce ai shara ce. Daga guntaye sai na fara taimaka wa dogon rodi ya zama guntu. Daga nan buhun siminti ɗaya ya bi ta bayan shinge, ba wanda ya tambaya, sai ɗan'uwansa ya bi shi. Ina sallata, ina azumina, ina ce wa kaina kamfanin da ke gina abin da ya kusa taɓa gajimare ba zai ji zafin buhu biyu ba. Abin mamaki, a daidai lokacin ne aka ga ƙoƙarina aka ba ni helma, wato shugaban leburori. Makullin sito ya dawo aljihuna.

Akwai wani mai sayar da kayan gini a bayan unguwar, wanda muke kira Alhaji ko da yake ban san ko ya taɓa zuwa Makka ba. Shi ya buɗe mini ido. Ya ce, "Helma, kai fa kana zaune a kan arziki kana tsintar ƙusa." Ya nuna mini cewa idan aka rage siminti a kwaɓi aka ƙara yashi, ido ba ya ganewa. Ya nuna mini cewa hatta ruwan tankar da ake kawo mana yana da masu saye, domin masu buga bulo na kusa da mu kullum cikin neman ruwa suke.

Maganar ruwan nan ita ta fi yi mini sauƙi. Injiniyanmu ya sha gaya mana cewa duk dekin da aka zuba, wato rufin kankaren da ke zama daɓen hawa na gaba, sai an yi ta ba shi ruwa safe da yamma, kuma kada a taɓa ƙarafan da suka tokare shi daga ƙasa sai shi ya ce. Ina cewa to, amma a zuciyata dariya nake. Ni ɗan magini, jikan magini, a ce in shayar da gini kamar albasa? Na ɗauka irin fi'ilin 'yan boko ne. Siminti na san sata nake yi. Ruwa kuwa gani nake ma taimakon ginin nake, ina sa shi saurin bushewa.

Da Babbar Sallah na je gida da shadda mai maiƙo da sabon babur. Ina zama a dandali sai in fito da waya, in nuna hotona a gaban benen, in ce, "Mu muka yin wanga." Samari suna ta leƙe. Na miƙa wa Baba shi ma. Ya kalli hoton ya daɗe, ya miƙo mini wayata.

A wannan zuwan ne Bello ya same ni. Bello ɗan ƙanwar Baba ne, ya girme ni da kaɗan, yana da mata da 'ya'ya uku. Manomin albasa ne na gaske, irin wanda in ya shiga fangalinsa yakan manta da abinci. A shekarar ruwa ya cinye masa gona, bai tsira da ko iri ba. Bai iya roƙo ba, sai uwarsa, Goggo, ta kira ni ɗakinta. Ta ce, "Ka tai da ɗan'uwanka shi samu na iri. Bai san birni ba, bai san kowa ba sai kai. Amana ta na ba ka." Na ce, "Goggo, ki kwantar da hankalinki, aikin da ya hi sauƙi za ni ba shi."

Na cika alkawari ta wannan fuskar. Na ba shi tiyo, na ce aikinsa ban ruwan dekin. Ya yi dariya ya ce ashe har a birni ban ruwa bai rabu da shi ba. Kuma ya riƙe aikin kamar gonarsa ce. Sai dai ruwan ba ya isarsa, domin tanka biyu ake biya, ɗaya ke shigowa. Da muka zuba dekin hawa na shida, ana tsananin zafin bazara, ya same ni a bakin sito. Ya ce, "Ɗan'uwa, dekin ga na jin ƙishi. Ina zuba ruwa shina shanyewa kamar ƙasar da ta kwana biyu ba a shayar ba. Ga tsaga nan ƙanana ta ko'ina. Ina tanka ta biyu?" Na ja shi muka hau. Na durƙusa na ƙwanƙwasa kankaren da bayan yatsa, yadda Baba ke yi. Na ce, "Ka ji? Ƙarau. Kai albasa ka sani, ni gini nis sani." Ya ce, "To, kai ka san aikinka."

Kwanaki kaɗan bayan haka Alhaji ya ce wani ɗan kwangila yana neman hayar ƙarafan tokara da gaggawa. Injiniya ya yi tafiya. Na sa aka zare kusan rabin waɗanda ke ƙarƙashin sabon dekin, aka bar sauran a warwatse don kada ido ya gane. Kashegari injin ɗaga kaya ya fara jibge bulo a kansa, kamar yadda aka tsara.

Akwai abin da ban gaya wa 'yan sanda ba, ban gaya wa alƙali ba, amma ku zan gaya muku. A ƙarƙashin wannan dekin muke cin abincin rana, saboda inuwa da iska. Daga ranar da na zare ƙarafan nan, ban sake zama a wurin ba. Ban yanke shawarar haka ba, ƙafata ce kawai ta daina zuwa. Sai in ɗauki kwanona in tafi bakin sito, in ce ina gadin kaya.

Ina bakin siton, da loma a hannuna, na ji ƙarar. Ban taɓa jin irinta ba, kuma har yau takan tashe ni daga barci. Dekin ne ya rufta. Ƙura ta turnuƙe, mutane suna ta salati da ihu. Allah ya sa yawancin ma'aikata sun sauka yin alwala. Mutum biyu suka rage a wurin. Ɗaya wani birkila ne daga Binuwai, mai yawan waƙa in yana aiki, wanda mun shekara tare ban taɓa tambayarsa sunan garinsu ba. A nan ya cika. Na biyun Bello ne. Da hannuna na yi ta yaye kankaren da ke kansa, kuma kankaren yana marmashewa a hannuna kamar busasshen tuwo. Muka fito da shi da rai, amma ƙafafunsa ba su sake motsi ba.

Da aka kama mu, na rantse na maya cewa laifin injiniya ne da simintin kamfani. Alhaji ya ce bai taɓa ganina ba. Direban tanka ya faɗi nasa. Sai aka je asibiti aka tambayi Bello sau nawa tanka ke zuwa, kuma wa ya gaya wa. Ya faɗi gaskiya yadda take, bai ƙara ba bai rage ba. Alƙali ya yanke mini shekarun da suka ishi jaririn da na bari a gida ya shiga firamare ban gan shi ba.

Kada ku ɗauka ina shiga gidan yari na tuba. Shekarar farko haushin Bello nake ji. Ina cewa ni na kawo shi, ni na ba shi aiki, shi ya tona ni. Ina cewa ƙaddara ce, gini ko na wa yakan faɗi. Sai aka tashi gyaran katangar gidan, aka sa mu buga bulo, gandiroban da ke kula da aikin ya miƙo mini bokiti ya ce ni zan riƙa ba su ruwa. Taurin kaina bai bar ni ba. Na ware bulo biyu a gefe na hana su ruwa, don in nuna wa kaina cewa ni ke da gaskiya. Da lokaci ya yi na ɗaga wanda ya sha ruwa na sake shi a ƙasa, ko gezau. Na ɗauki nawa, wanda ya bushe ƙarau, tun kafin in sake shi gefensa ya ɓare a hannuna. Na zauna a wurin na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fito da Bello. Manomin albasa ya gaya mini, na ƙwanƙwasa masa yatsa.

Da aka sake ni, sai da na yini a tashar Sakkwato ina kallon motocin Goronyo suna cika suna tashi, na kasa shiga. Da na isa gida na tarar Baba ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Na durƙusa a gabansa na fara bayani, ina cewa wallahi ban san ruwan na da amfani ba, abin da na koya a gida ne ya ruɗe ni. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Laka daban, siminti daban, wanga rashin sani na, Allah na gahwarta shi. Abu guda nika tambayarka. Bayan da kaz zare ƙarahwan, ka zamna ƙarƙashinai?" Na ce a'a. Ya ce, "Ashe ka sani." Bai sake tayar da maganar ba har ya rasu.

Goggo ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta amsa gaisuwata ta juya fuska ga bango. Bello kuwa na same shi a ƙofar gida a kan tabarma, ya rame, ƙafafunsa a lulluɓe da zane. Na kasa haɗa ido da shi. Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Nawa na yahe tun ina asibiti, don in samu barci. Na mutumin Binuwai ba ni da ikon yahe maka. Shi ma yana da ɗiya." Na nemi danginsa ta hannun tsoffin abokan aiki, har yau ban dace ba, kuma ban daina nema ba.

Yanzu ni ke noma fadamar Bello. Kullum da safe nakan ɗora shi a amalanke in kai shi bakin fangali, ya zauna a inuwa yana nuna mini da sanda inda ruwa bai kai ba. Wani lokaci har yakan yi mini tsiya, ya ce, "Helma, wancan na jin ƙishi, ko ka sai da tankar?" Yana dariya, ni ma ina yi, amma ni kaɗai na san inda take taɓa ni.

Ku samarin da ke shirin tafiya birni, ban ce kada ku je ba. Benayen nan hannun irinku ke ɗaga su, kuma aiki ne na halal. Amma ku ji tsoron guntun rodin farko, domin daga shi na fara. In an gaya muku abin da ba ku gane ba, ku tambaya, kada ku ce haka ake yi a garinmu. Kuma duk aikin da ya fita daga hannunku, gini ne ko gyaran mota ko abincin sayarwa, ku tambayi kanku ko za ku yarda ku zauna a ƙarƙashinsa. In kun ji ƙafarku tana ja da baya, to ku tsaya nan, kada ku bar wani ya shiga. Ni na bari an shiga, kuma gobe da safe ma ni zan ɗauki Bello in sa shi a amalanke.