Hamsin Bisa Ɗari

Thoa, mai sayar da giya a bakin wata tashar jirgin ƙasa a Hanoi, ba ta san sunan tsohon nan ba, amma ta san lokacinsa. Kullum jirgin la'asar ke sauke shi, rigarsa a goge, kular abinci fanko a hannu. Yakan zauna a 'yar kujerar roba, ya ɗaga yatsa ɗaya: kofi guda, na giyar nan mara ƙarfi. Sai kuma ya ƙara wa giyar ƙanƙara har ta kusa komawa ruwa.

Thoa ba ta taɓa tambayarsa ba. Tana dai zargin akwai wata kwance a gadon asibiti, can inda jirgin ke kai shi, mai jiran kular nan.

Yau direbobin tasi uku ne a teburin gefe, suna ta buga kofuna. Ɗaya ya miƙo nasa wajen tsohon.

"Baba, ɗari bisa ɗari! Ba a rage ko ɗigo."

Tsohon ya buga kofinsa da nasu. "Hamsin," ya ce.

"Haba Baba, wannan ai ko jariri ba za ta bugar ba."

Tsohon ya sha rabi daidai, ya ture sauran gefe, ya jawo kularsa kan cinya.

"Ku shanye naku, 'ya'yana. Ni jirgin ƙarfe shida zan bi da safe, kuma ba ta shan miyar kowa sai tawa."